Wuyan Kawu Harisu

Aikina a asibiti ba shi da jini, ba shi da allura. Ina zaune ne a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin magani, ni da tulin fayil-fayil da wani ƙaton littafi da ya daɗe da rabuwa da murfinsa. Duk majinyacin da likita ya gani, takardarsa sai ta biyo ta hannuna. In karanta abin da aka rubuta, in nemo lambar da ta dace da ciwon a cikin littafin, in ɗora ta a gefe. Zazzaɓin cizon sauro yana da tasa lambar, saran maciji yana da tasa, har wanda jaki ya harba ba a bar shi a baya ba. Tun da yaƙi ya koro mutane suka cika garinmu Gadarif, a gabashin Sudan, da wannan lambar muke tantance waɗanda za a sa a layin motar da ke kai masu mummunan rauni wurin manyan likitoci a Bur Sudan. Ƙa'idar aikin guda ce: ba na rubuta abin da na sani, sai abin da likita ya rubuta. Shi kuma likita abin da ya gani yake rubutawa, da abin da majinyaci ya faɗa masa da bakinsa. To idan majinyacin irin Kawu Harisu ne, an shiga uku.

Kawu Harisu ƙanin mahaifiyata ne. A Mafaza aka haife shi, a bakin kogin Rahad, inda kakanmu ya jingine sandarsa a kan hanyar Makka ya ce zai huta damina ɗaya, bai kuma sake ɗaukarta ba. Ubansu ya rasu Kawu bai gama zama saurayi ba, sai ya bi ayarin masu yankan dawa zuwa Gadambaliya. A can ne Hajj Osman, mai gonar da suke yi wa aiki, ya ga yadda yaron yake cilla buhu a kafaɗa ba tare da nishi ba. Da kaka ta wuce ya taho da shi Gadarif, ya sa shi dako a sitonsa na kasuwar amfanin gona. A wannan siton furfura ta same shi.

Sai ka san Hajj Osman kafin ka gane Kawu. Shi ne babban unguwarmu. Ba a ɗaura aure sai ya iso, ba a raɗa suna sai ya gyara zama. Idan biyu suka yi faɗa, ɗakin baƙinsa ake zuwa, don mutanenmu suna alfahari da cewa ba sa kai juna gaban hukuma. Shi ya nema wa Kawu auren Inna Talatu, shi ya tsaya masa a matsayin uba, kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba.

Wuyan Kawu abin kallo ne. Bayansa ya yi kanta, baƙi ƙirin, kamar na bijimin huɗa. A kansa yake ɗora buhun riɗi ya haye katakon da ake jinginawa a jikin lori, da ɗan gudunsa, ya sauke ya dawo. Amma abin da aka fi saninsa da shi ladabi ne, irin ladabin da ya wuce gona da iri. Ban taɓa ganin ya gaida babba a tsaye ba. Tun daga nesa zai cire takalmi, ya rusuna, ya sunkuyar da kai har sai an gama gaisuwa. Ko a waya Hajj ya kira shi, sai ya durƙusa kafin ya amsa. Muna yara mukan yi ta tsokanarsa, mu ce, "Kawu, ai ba ya ganinka." Sai ya yi dariya ya ce, "Ni ina ganin kaina." Ina son mutumin nan har cikin raina, kuma wallahi babu wanda ya taɓa ba ni haushi kamarsa.

Da kakar riɗin bara, wata safiya ina jan fayil daga tuli sai na ga sunansa. Likitan da ya gan shi jiya ya rubuta cewa ciwon wuya ne, majinyaci ya tashi da shi daga barci, an ba shi ƙwayoyi da man shafawa an sallame shi. Wannan kuwa lambarsa a kaina take, M54.2, wadda muke ba 'yan ofis da tsofaffi. Na ɗora ta ina murmushi. Wuyan da buhu bai kayar ba, wai barci ne ya kayar da shi. Na ce idan na tashi aiki zan biya in yi masa tsiya.

Da na shiga gidan, tsiyar ta maƙale mini a baki. Yana kwance a gadon igiya ƙarƙashin rumfa, ya tallafe kansa da hannu bibbiyu kamar wanda ke tsoron kada ya faɗo. Fuskarsa ta yi fari-fari.

"Kawu, salamtak, sannu da jiki. Me ya same ka?"

"Alhamdulillah, Rufaida. Matashin kai ne. Wuyan ne ya ƙage."

"Yaushe ka fara kwana da matashin kai?"

Ya kawar da ido gefe. Ya dai ce yatsunsa suna yi masa kamar tururuwa na yawo a ciki. Inna Talatu ta yafito ni daga ƙofar madafa, ta ja ni can ciki wajen murhu, ta rage murya duk da cewa daga mu sai kaji.

"Ba barci ba ne, wallahi. Munir ne, autan Hajj. Direba ya tafi fatur, karin kumallo, shi kuma ya haye lori wai zai gyara mata tsayuwa, kawunki yana kan katako da shawal, buhun riɗi guda, a wuya. Katako ya zame. Ya faɗo ta ka, shawal ɗin ya bi shi ya danne."

Ta ce abokan aikinsa suka kama shi hannu da ƙafa suka cusa a raksha, ɗan keken nan mai ƙafa uku, suka yi asibiti da shi. A bakin ƙofa Hajj ya tare su. Ya ce idan aka ambaci lori za a nemi takardar 'yan sanda, Munir kuwa ko lasin ba shi da shi, kuma mu ba ma kai juna gaban hukuma. Ya sunkuya ya gaya wa Kawu abin da zai ce, Kawu ya shiga ya faɗa. Mutum ya ga wanda ya yi masa bauta tun yana saurayi a naɗe cikin raksha, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne lasin ɗansa. Tir!

Washegari na mayar da shi asibiti da faɗa da magiya, na kai shi wurin Daktora Amal. Daga Khartum yaƙi ya koro ta, ƙanƙanuwar mace ce mai kaifin harshe, ba ta da lokacin wasa. Na gaya mata abin da Inna Talatu ta faɗa mini. Ta tambaye ni a me aka yi ta yawo da shi, na ce raksha. Ta dafe kai, ta ce kada wanda ya sake taɓa shi, ta tura a ɗauki hoton ƙashi.

Da hoton ya fito ta ɗaga shi a jikin taga ta nuna mini. Ƙasusuwan wuya a jere suke, wani a kan wani. Ɗaya daga na tsakiya ya goce, ya zamo gaba a kan na ƙasansa. Ta bi bayansu da bakin biro ta ce a nan laka take bi, wadda ke kai saƙo daga kai zuwa sauran jiki, kuma ƙashin ya riga ya fara taɓa ta, shi ya sa yatsunsa suke tururuwa. Idan ya ƙara zamowa ko kaɗan, zai matse ta, daga nan hannu da ƙafa sun tafi ke nan. Ta ɗaura masa kwalar roba mai tauri daga haɓa zuwa ƙirji, ta kwantar da shi rigingine, aka sa jakunkunan yashi a gefen kunnuwansa. Ta soke rubutun likitan farko ta rubuta abin da ta gani. Ni kuma na goge tsohuwar lamba na sa S13.1, gocewar ƙashin wuya, sunansa ya shiga layin mota.

Saura gurbi ɗaya. Duk rauni yana tafiya da lamba ta biyu, ta sanadi, wadda ke faɗin abin da ya jawo shi. Daktora ta tsaya a kansa ta tambaye shi, ta sake tambaya, ta canza salo ta kuma tambaya.

"Baba, ƙashi ba ya gocewa haka a cikin barci. Me ya faɗo maka?"

"Matashin kai ne, daktora."

Ta dube ni, na dube ta. Ba za ta rubuta an ce an ce ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta rubuta cewa majinyaci bai bayyana sanadi ba. Na koma ɗakina na nemo lambar da ake ba wanda ba a san abin da ya same shi ba, na ɗora, alhali kasuwa kaf ta san abin da ya same shi. Na ja tsaki har mai shara ta leƙo.

Abin da ya rage mai sauƙi ne a faɗe. Kafin motar ta zo, kada ya motsa kansa. Daktora ta gaya masa da Larabci, ni na maimaita da Hausa, na ƙara da rantsuwa. Ya ce ya ji, kuma da gaske ya yi ƙoƙari. Bai yi ƙorafin zafi ba, bai yi na ƙudan ɗakin ba, bai yi na tasar da ake tura masa a ƙarƙashi ba. Ƙorafinsa ɗaya ne, kwalar nan.

"Rufaida, wannan abin ya ɗage mini haɓa kamar mai ji da kansa. Mutane suna zuwa gaishe ni, ina kallon rufi. Ai aibu ne."

"Kawu, ka kalli rufin. Rufin nan shi ne maganinka."

Masu dubiya kuwa ba a magana. Unguwa ta kwaso ƙafa gaba ɗaya, da kwanuka da butocin shayi, ana zama a bakin gadajen wasu majinyata, ana zubar da ƙashin kifi a ƙasa kyanwoyi suna wawaso. Kowa sai ya dafa masa goshi ya yi addu'a. Na ɗora Inna Talatu a kan kujera daidai kansa, na ce duk hannun da ya miƙo ta buge shi, ko na wane ne. Ta riƙe amanar nan da kyau, har da wata gwaggonmu ta yi fushi ta tafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mai shara ta leƙo ɗakina ta ce wasu manya sun shigo wurin kawuna da tire niƙi-niƙi. Na ajiye biro na fita da sauri. Tun daga baranda na hango Inna Talatu a tsaye a waje ta ja mayafi, don maza manya sun shigo, ba ta iya zama a cikinsu. Ƙofar ɗakin ta cika da fararen jallabiya da rawuna. Na yi ta neman hanya, babu wanda ya matsa wa mace. Ta tsakanin kafaɗu na hango Hajj Osman ya zauna a kujerar da na ajiye wa Inna, ya baje, yana jan carbi.

"Kaffara, Harisu, kaffara," in ji shi. Sai ya yi 'yar dariya ya dubi mutanensa. "Ya jama'a, kun ga Harisu ya zama babban mutum. Ina yi masa magana yana kallon sama."

Aka yi dariya. Wasa ne, na sani, irin wasan da babba yake yi don a tuna waye babba. Na ga hannun Kawu ya tashi a hankali ya nufi gefen wuyansa. Na ƙwala ihu na ce, "Kawu, kada ka taɓa!" Muryata ta nutse a cikin dariyar. Na ji ƙarar ɓallewar maɗaurin. Ya ture jakar yashi, ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗago, sannan ya sunkuyar da kansa ƙasa yadda ya saba tun yana yaro.

"Hajj, sannu da zuwa. An sauko lafi..."

Bai ƙarasa ba. Gwiwar hannun ta saki, ya zube a kan katifa. Lokacin ne aka ba ni hanya. Na iske idonsa a buɗe, yana numfashi sama-sama, ya dube ni ya ce, "Rufaida, ina hannuna yake?" Hannun yana nan a kan cikinsa.

Wani ya ce yunwa ce, wani ya ce a ɗago shi a ba shi ruwa, har ya miƙa hannu. Na ture shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Daktora Amal ta shigo a guje ta kore su kaf, ba ta bar ko Hajj ba. Ta mayar da kwalar, ta ɗauki allura ta fara tsikararsa daga tafin ƙafa tana hawa sama, tana tambaya ko yana ji. Ya yi ta cewa a'a, cikin ladabi, har ta kai ƙirji. Ta ajiye allurar, ta fita.

Da na fito baranda sai na tarar an shimfiɗa tabarma an zagaye tiren, wai abinci ba ya komawa gida. Hajj ya naɗe hannun riga, yana yagar nama, mai yana bin yatsunsa har gwiwar hannu, wani yana zuba masa miya. Ya ɗago ya gan ni.

"'Yata, tafaddali, zo ki sa hannu." Sai ya yafito ni kusa, ya rage murya, bakinsa cike. "Takardarsa ta asibiti fa? Tana nan yadda take?"

Na dubi man da ke gemunsa. Na ce, "Hajj, ci abincinka." Na wuce ban rusuna ba. Kafin magariba labari ya kai gida cewa 'yar asibiti ta yi wa Hajj Osman rashin kunya a gaban mutane. Mahaifiyata, yayar wanda ke kwance, ta yi mini faɗa har da kuka, ta ce na zubar mata da mutunci a unguwa. A wannan ranar, a unguwarmu, ni ce mai laifi.

Motar ta zo, aka tafi da shi. Likitocin can sun mayar da ƙashin mazauninsa sun ɗaure da ƙarfe, amma sun ce abin da ya sami lakar ya riga ya same ta. Da aka dawo da shi fayil ɗinsa ya sake biyowa ta hannuna, ya yi kauri. Na ƙara lambar raunin laka a ƙarƙashin ta gocewar ƙashi. Gurbin sanadi yana nan yadda yake, don can ma matashin kai ya ce musu. A rahoton da muke turawa ƙarshen wata, babu wata lori da ta kayar da ɗan dako a kasuwa. Mutum ɗaya ne dai wuyansa ya goce, ba a san dalili ba.

Yanzu yana kwance a ƙarƙashin rumfar nan. Kafaɗunsa sun zube, kantar bayan wuyan ta yi laushi. Inna Talatu ce ke juya shi, ta wanke shi, ta shafa wa gyambon da kwanciya ta haifar masa magani, ta shanya tsummokara a kan danga. Warin ba ya barin tsakar gidan duk turaren da take ƙonawa. Ta rame ta koma rabin yadda take. Munir kuwa an yi masa lasin, shi ke jan lorin yanzu, yakan wuce ta layinmu yana danna oda. Hajj yana aiko da buhun dawa lokaci-lokaci, kuma a tsakiyar rana ake kawo shi, a kan amalanken jaki, don kowa ya gani ya sa albarka.

Da ƙaramar salla ya zo da kansa. Ina zaune a bakin gadon ina ba Kawu kunu da cokali sai muka ji sallama, ya shigo da mutum uku-huɗu a bayansa, ƙamshin turarensa ya haɗu da warin gidan. Ya ɗan toshe hanci da gefen rawani, ya tsaya nesa kaɗan da gadon. Na ga idanun Kawu suna kai-komo, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana ƙoƙarin yin abin da jikinsa ya daina yi. Da ya ga ba dama sai hawaye ya gangaro masa zuwa kunne.

"Hajj, ka yi mini afuwa," in ji shi. "Ina gaishe ka a kwance."

Hajj Osman ya matso, ya miƙa yatsu biyu ya taɓa masa kafaɗa.

"Malish, Harisu, ba komai. Na yafe maka. Wallahi na yafe maka duniya da lahira."

Mutanen bayansa suka ce masha Allah, Hajj akwai haƙuri. Na dubi Kawu ina jiran in ga ko da ɗigon ɓacin rai a fuskarsa. Babu. Ajiyar zuciya ya sauke, fuskar ta saki kamar an ɗauke masa kaya.

"Na gode, Hajj," ya ce. "Allah ya ƙara girma."